Kukar Gas Ɗin Gwanjo: Abin Da Na Sha Kafin Wutarta Ta Koma Shuɗiya

Sana'ata kek da biskit da burodin gida, ina yi ina sayarwa a nan cikin Katsina, wajen Ƙofar Ƙaura. Shekara shida da tukunya da yashi nake gashi a kan gawayi, garwashi a ƙasa garwashi a kan murfi, girkin gida kuma a kan ƙaramin gas na tebur mai kai biyu. Da na kwashi adashe bara, ana saura wata biyu azumi, sai na ƙudura a raina cewa odar Sallar nan a obin zan gasa ta. Abin da nake so shi ne kukar nan ta tsaye, mai kai huɗu a sama da obin a ƙasa. Na samu, amma sai da na yi kusan sati shida ina wahala da ita, na kashe kuɗin da bai kamata na kashe ba, kuma saura ƙiris 'yata ta ƙone. Duk wannan a kan wani abu da yake rubuce ɓaro-ɓaro a bayan kukar, ni ce ban san ana dubawa ba. Shi ya sa na zauna na rubuta yadda aka yi tun daga farko.

Sababbi sun fi ƙarfin aljihuna, saboda haka maigidana ya kai ni wajen masu kayan gwanjo, waɗanda ake ce wa 'yan Beljiyom ko daga wace ƙasar Turai suka fito. Na ga wata fara tas, ƙarfenta mai kauri, gilashin ƙofar obin ko tsagewa babu. Mai shagon ya ce, "Hajiya, wannan ko jikokinki sai sun ci tuwonta." Na ce a gwada. Yaronsa ya jawo wata 'yar ƙaramar tukunyar gas, ya danna bakin tiyo a bututun baya ya riƙe da hannu, aka kunna kai ɗaya. Wuta ta tashi da ƙugi, mai shago ya ce in dubi ƙarfi. A bakin titi muke, da tsakar rana, kuma a cikin hasken rana ba a ganin kalar wutar gas sosai. Ko minti ɗaya ba a yi ba aka kashe, obin kuwa ba a ma taɓa shi ba. Muka daidaita a kan naira 185,000, ya rubuta mana takarda, a ƙasanta an buga cewa kaya in sun fita ba sa dawowa. Mai kurkura ya kai mana gida a kan naira 3,000.

Matsalar farko a ranar ta fito. Bayan kukar ba shi da irin bakin nan mai gargada da ake tura tiyo a ɗaure da kilif. Bututu ne mai zare, na rabin inci. Washegari muka kira falamba, ya sayo ɗan bakin tagulla mai zare a gefe ɗaya, ya naɗa farin tef ya ɗaura, ya sa tiyona na da, ya haɗa da tukunyata mai kilo 12.5. Ya juya ƙafafun kukar har ta daina rawa a kan tayil. Filoginta, wanda ke kunna tartsatsi da fitilar obin, mai ƙafa uku ne irin namu, ya shiga soket ba gardama. Wannan ya ƙara kwantar mini da hankali, na ɗauka tunda wutar lantarkinta ta yi daidai da tamu, komai nata ma haka ne.

Da magariba na ɗora sanwa, a nan na fara ganin ainihin wutar. Doguwa ce, ja da ruwan ɗorawa, tana fitowa ta gefen tukunya tana lasar mariƙi. Ko na mayar da makunni can ƙasa, wutar ta fi ta tsohon gas ɗina in an ƙure shi. Kafin shinkafa ta tsotse gindin tukunyar ya yi baƙi ƙirin kamar an ɗora a kan itace, in ka shafa yatsa sai kunkunniya ta biyo ka. Idanuna suna yaji, in na jima a kicin kaina ya riƙa sarawa. Na gaya wa maƙwabciyata, ta ce ai haka 'yan waje suke, ƙarfi gare su, zan saba. Tukunyar gas ɗin da take yi mini sati biyar ta ƙare a kwana goma sha uku.

Zargina na farko ya tafi kan masu gas. Na bi maigida har inda muke ɗurawa, na ce musu an ba mu gas mai gauraye. Wanda ke kan sikeli ya saurare ni da haƙuri, ya ce tanki ɗaya ake ɗura wa kowa kuma ba wanda ya kawo ƙara, in duba regileta. Wani mai sayar da kayan gas a bakin ƙofar ya ji mu, ya ce yana da maganin abin: regileta mai jan kai wadda ake murɗawa a rage ko a ƙara. Naira 9,000. Na saya. Daga baya na gane irin wadda masu tuyar ƙosai da masu dafa abincin biki suke sa wa manyan murhunansu ce, tana iya sakin gas da ƙarfin da ya ninka abin da kukar gida take ɗauka sau da yawa. In na murɗa ta ƙasa wutar takan ragu, amma da na kunna kai na biyu sai na farko ya dusashe, in na ƙara kuma ta tashi kamar za ta kama silin.

Sai aka haɗa ni da wani mai gyaran risho da gas. Ya cire kawunan, ya kwance wasu 'yan ƙananan tagulla masu huda a tsakiya, ya ce su ne jet, hudarsu ta buɗe saboda tsufa. Ya ɗora kowanne a kan dutse ya bubbuga bakinsa da guduma don hudar ta tsuke, ɗaya ma ya cusa masa silin waya. Ya karɓi naira 5,000. Gaskiya wutar ta ragu, har na yi masa godiya. Amma ta karkace, gefe ɗaya shuɗi gefe ɗaya ja, ƙaramin kan kuma yana mutuwa da kansa. Obin bai buɗe ba, ya ce wai obin ba ruwansa da jet.

Ranar wata Asabar na kwaɓa kek na gwaji. Na danna makunnin obin, tartsatsi yana ta ƙyas-ƙyas bai kama ba, na ci gaba da dannawa ina jira, ƙofar a ɗan buɗe. 'Yata mai shekara bakwai tana tsugune kusa da ni da kwanon kwaɓin a hannu, tana leƙe. Sai ji na yi buf! Wuta ta yi tsalle ta fito ta bakin ƙofar, ta wuce ta gaban fuskokinmu ta koma. Gashin girata ya babbake, bakin ɗankwalin yarinyar ya yi baƙi yana warin ƙuna. Kwanon ya kife a ƙasa. Ba ta yi kuka ba, ta dai ƙanƙame ni jikinta yana ɓari, ni kuma bakina ba abin da yake fita sai innalillahi. Na lallaɓa na cire regileta daga kan tukunya, na buɗe taga da ƙofa, muka fita tsakar gida muka zauna. Daga ranar na rufe kukar da tsohon zani na koma kan gawayina.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya yi shekaru yana aikin gyaran kayan kicin a wani otal a Kaduna kafin ya yi ritaya ya dawo Rafin Daɗi. Da labari ya kai masa, ya zo da kansa bayan la'asar. Bai kunna komai ba. Ya ce a jawo masa kukar daga jikin bango, ya sa tabarau, ya haska fitilar waya a kan wata 'yar takardar azurfa da ke manne a baya. Ya ce, "Zo ki karanta da kanki, 'yar nan." Na ga an rubuta GB, sai G20, sai 20 mbar, a sama kuma II2H3+. Ya ce GB na nufin don Ingila aka shirya ta, shi ya sa filoginta ya yi daidai da namu. G20 kuma shi ne gas ɗin bututu, wanda ake jawo wa gidajensu ta ƙarƙashin ƙasa kamar yadda ake jawo ruwan famfo, yana zuwa da matsin miliba 20, miliba kuwa shi ne ma'aunin matsin gas da ake rubutawa mbar. Namu na tukunya wani gas ne daban, gaurayen butan da furofen, wanda a takardar ake kira G30 da G31, kuma kukar gida tana shan sa a kan miliba 28 zuwa 30, furofen zalla kuma 37.

Ya ɗauko jet ɗaya ya ɗora a tafin hannuna. Ya ce gas ɗin tukunya ya fi na bututu ƙarfin zafi fiye da ninki biyu in aka auna su da mudu ɗaya, ga shi kuma yana shigowa da matsi mafi yawa. Saboda haka hudar da za ta ishe shi ƙarama ce. In aka tura shi ta babbar hudar gas ɗin bututu, yakan fito da yawan da iskar da kan murhun ke ja ba za ta iya cinye shi ba, sai ya ci rabi da rabi. Jar wutar ke nan, baƙin tukunyar ke nan, kuma ciwon kan da nake ji hayaƙin nan ne marar wari marar kala da ke kashe masu kwana da janareta ko gawayi a ɗaki rufe. Da ya faɗi haka sai da jikina ya yi sanyi, don sau da yawa nakan rufe tagar kicin saboda ƙurar hunturu. Abin da ya faru a obin kuma, gas ne ya taru a cikin akwatin kafin tartsatsi ya same shi. "Kukarki lafiyarta ƙalau," in ji shi, "abincin da ba nata ba kike ba ta." Abin farin cikin, lambar nan II2H3+ tana nufin an ƙera ta yadda za ta iya amfani da iri biyun, muddin an canza jet an sake saiti. Da I2H kaɗai aka rubuta, da masu ƙera ta ba su yarda a juya ta ba.

Na tambaye shi ko akwai inda ake samun gas ɗin bututun a nan. Ya ce babban bututun da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, daga Ajaokuta ya bi Kaduna zuwa Kano, kilomita 614, ba kicin ɗin kowa zai shiga kai tsaye ba, kuma babu gida a Katsina da aka ja wa irin wannan gas. Duk mai girki da gas a garin nan da na tukunya yake yi. Ke nan duk kukar da ta baro gidan Bature tana kan G20 sai an juya ta, kuma masu sayarwa da yawa ba sa yi, wasu ma ba su san da maganar ba.

Neman jet ya fi komai cin rai. A jikin kowanne akwai lamba da aka buga, wadda a irin wannan kukar take nuna faɗin hudar: 115 na nufin milimita 1.15. Nawa na da su ne 115 a babban kai, 97 a matsakaita biyun, 72 a ƙaramin. Kawu ya sa ɗansa ya nemo littafin kukar a intanet da lambar samfurin da ke kan takardar azurfar, muka ga jadawalin: na gas ɗin tukunya 85, 65, 65 da 50, sai na obin da na gashin sama, kowanne da lambarsa. Ya gargaɗe ni cewa lambobin suna bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kada in ba wata nawa a matsayin ƙa'ida. Maigida ya zaga babbar kasuwa da shagunan kayan gas na kan titin IBB, aka samu na kawunan sama guda biyu kawai, sauran babu. Muka aika wa wani ɗan'uwa a Kano ya duba Sabon Gari. Bayan kwana huɗu saƙo ya iso ta hannun direba a tasha, lambobin daidai, amma da Kawu ya gwada sai zaren bai hau ba. Ya hana a matsa da ƙarfi, ya ce in zaren mazaunin ya lalace an rasa kan gaba ɗaya. Dole muka naɗe tsofaffin a leda muka aika a matsayin samfur, aka sake jiran kwana shida. Saitin farko naira 7,000 ya tafi a banza, na biyu guda shida naira 12,000, kuɗin mota zuwa da dawowa naira 4,500. Ana cikin haka aka ga watan azumi.

Aikin kansa bai kai awa uku ba. Kawu ya zo da hantsi da wani yaro da ya koya wa aiki. Aka cire tukunya aka fitar da ita waje, aka zare filogi. Da soket ɗin kwance noti mai lamba 7 yaron ya kwance jet ɗin sama ɗaya bayan ɗaya, Kawu yana karanta lambar kowane sabo da babbar murya kafin a ɗaura, don kada na babban kai ya tafi ƙarami. Ba a sa tef ko gam a zarensu ba, kuma ba a ƙulle su da ƙarfin tsiya ba. Na obin sai da aka ɗaga farantin ƙasa, aka kwance dogon kan da sukurori, sannan aka kai ga jet ɗin can ciki. Na gashin sama kuma a rufin obin yake. Regileta mai jan kai Kawu ya ce kada ya sake ganin ta a gidan. Aka sayo ta gida wadda aka rubuta 30 mbar a jikinta, naira 8,500, da sabon tiyo na gas da kilif biyu, naira 5,000, don tsohon da aka lanƙwasa shi sai ga tsaga-tsaga a jikinsa. Zafin garin nan, da yake haura digiri 40 a watan Afrilu, ba ya barin roba ta daɗe.

Akwai mataki ɗaya da ban taɓa jin wani mai gyara ya ambata ba. Bayan an haɗa gas an kunna, Kawu ya zare makunnan gaba, sai ga wani ɗan mitsitsin sukuru a jikin kowane famfo. Shi ne ke ƙayyade ƙaramar wuta. A gas ɗin bututu a ɗan sassauce yake, a na tukunya kuma littafin ya ce a ɗaure shi har ƙarshe. Da siririn sukudireba ya ɗaure su duka, har da na obin. Sannan ya riƙa juya kowane makunni da sauri daga babbar wuta zuwa ƙarama, yana kaɗa murfin tukunya a gefe, ya ga ko za ta mutu. Ba ta mutu ba. Na tsaya ina kallon babban kan: wuta gajera, shuɗiya, kowane harshe da ɗan kore-kore a cikinsa, sun jeru a zagaye kamar haƙoran mataji, ba ƙugi sai ɗan huci. Ya ɗora farar tukunyar silba da ruwa, ta tafasa, ya juya gindinta ya shafa farin hankicinsa ya nuna mini. Ko ɗigo babu.

Sai gwajin kumfa. Ya kaɗa omo a kofi, ya shafa da soso a kan regileta, bakin tiyo biyu, da bakin tagullar da falamba ya ɗaura. A nan, a wajen tagullar, kumfa ta fara kumbura tana fashewa a hankali. Ashe tun ranar farko yana tsiyaya kaɗan-kaɗan a bayan kuka, inda hancina ba ya kaiwa. Aka kwance, aka sa wosha, aka sake ɗaurawa, kumfar ta kwanta. Kawu ya ce gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama, ƙasa yake kwanciya ya taru a lungu, kuma warin da muke ji ma zuba masa ake yi da gangan don a gane in yana fita. Saboda haka ya sa aka huda bangon bayan kukar, aka fitar da tiyo ta cikin guntun bututu, tukunyar ta koma waje a tsaye, cikin kejin da mai walda ya yi mana mai rufin kwano da kwaɗo, naira 22,000. Ya kuma sa aka kafa ƙugiya a bango aka maƙala 'yar sarƙar da na gani tana reto a bayan kukar ban san amfaninta ba. Ita ke hana ta kifowa in yaro ya taka ƙofar obin a buɗe, alhali ga tukunyar miya a sama.

Ya koya mini kunna obin: ƙofa a buɗe, a danna makunni, in ta kama a ci gaba da riƙewa kamar daƙiƙa goma har ɗan ƙarfen da ke jin zafin wuta ya ɗumama, don shi ne ke datse gas in wutar ta mutu. In daƙiƙa goma sha biyar ta wuce ba ta kama ba, a saki, a bar ƙofa a buɗe aƙalla minti ɗaya kafin a sake. Kawu bai karɓi ko sisi ba, yaronsa na ba naira 6,000. Da na tattara lissafi, ban da kuɗin kukar na kashe sama da naira 80,000, kuma 21,000 a ciki, wato jar regileta da aikin guduma da jet ɗin da ba su hau ba, zubar da su kawai na yi. Ban sa gas ɗin da ya ƙone a banza a ciki ba.

Da zan sake saye yau, kafin in tambayi kuɗi zan ce a juya mini bayanta. In na ga G30 ko G31 ko LPG, wato gas ɗin tukunya, a matsayin abin da aka saita ta a kai, to. In G20 ko G25 ne, wato gas ɗin bututu, zan duba ko tana juyuwa, in ɗauki hoton takardar, in tabbatar ana samun jet ɗinta, sannan a cire kuɗinsu daga farashi. Wadda ta fito daga Jamus takan nemi miliba 50 a gas ɗin tukunya, ta Amurka kuma wutarta 120 ce ba 230 irin tamu ba, kowacce da nata ƙarin aikin. Zan sa a kunna duka kawunan da obin a cikin inuwa, in ɗora tukunya in duba gindinta. Sabuwa ma a duba cikin kwalinta, sau da yawa akwai 'yar leda da jet na ɗaya gas ɗin, kada a zubar da ita da shara. Wanda kuma ya ɗauko guduma ko allura zai gyara hudar jet, a karɓe kayan daga hannunsa. Hudar da bambancinta bai kai rabin milimita ba, ba a saita ta da ido.

Odar Sallah na gasa ta a obin, kek ɗin farko ranar goma sha biyu ga azumi. 'Yata ta yi kwanaki ba ta shiga kicin in obin yana kunne, sai ta tsaya daga bakin ƙofa tana miƙo mini kwano. Yanzu ta fara matsowa. Tukunyar gas tana kai mini wata guda har da gashi. A bayan kukar, kusa da takardar azurfar, Kawu ya manna wata farar takarda ya rubuta da hannunsa cewa an mayar da ita gas ɗin tukunya, miliba 30, da lambobin jet shida da ranar da aka yi aikin, saboda duk wanda zai sake buɗe ta bayanmu.